Ramammen Rago da Jar Shinkafar Gulma

Yaran da ke gasa kaji a bakin titin Nasarawa, cikin akwatin gilashin nan mai juya kansa, su suka jawo wannan magana. Ran nan na tsaya ina kallon ɗayansu. Ya jera kaji a ƙarfe, ya murɗa gas, ya danna maɓalli, ya koma benci yana latsa waya. Da ya gane ni sai ya ce, "Baba Arzika, ashe sana'akku ba ta da wuya. Juyi na kawai." Na yi dariya har sai da na dafa bango. Ban ji haushi ba, don ni ma abin da na faɗa ke nan ranar da na fara. To ku matso, ku da kuke ganin juyi ne kawai.

Ni ɗan Rundawa ne, mahautan Argungu. Gidanmu fawa ake yi da tsire da balangu tun kakanni. Amma gashin juyi, wanda ake soke rago sukutum a dogon ƙarfe a yi ta juya shi a gefen wuta har ya nuna, ba gadonmu ba ne. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Labbo, shi ya koyo shi a yawon da ya yi wajen Gaya da Dosso, can ƙetaren iyaka. Gajeren mutum ne mai faɗan tsiya, bayan hannunsa duk tabon ƙuna. Ranar da aka kai ni wurinsa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Mi kag gani ga aikin ga?" Na ce juyi na gani. Ya ce, "Madalla. Tahi ka ɗebo itace." Na daɗe ina ɗebo itacen nan kafin ya bari hannuna ya taɓa nama.

Ashe a itacen sana'ar take farawa. Kirya ce kan gaba, garwashinta yana daɗewa bai mutu ba, shi ya sa muke rububinta da maƙera. Marke na bi mata. Dogon yaro kuwa ko kyauta aka ba ka, ka yi godiya ka bar shi a nan, hayaƙinsa ɗaci gare shi kuma yana shiga nama. Ba a gasa rago da harshen wuta. Can gefe ake hura itace, in ya zama garwashi a kwaso da shebur a jera. Ba kuma a ƙarƙashin nama ake jerawa ba, a gefensa ne: a tara da yawa saitin cinyoyi da kafaɗu, a rage saitin haƙarƙari tunda wurin ba kauri. Ƙarƙashi wurin kasko ne, shi ke tare kitsen da ke ɗiga. In ka bari kitse ya faɗa garwashi, wuta ta tashi ta lashe bayan naman ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa ɗanye sharaf.

Ragon farko da Kawu ya bari na soke da kaina na wani masunci ne a bakin gulbi. Ƙarfe yana shiga ta baya ya bi ƙashin baya ya fita ta wuya, sai a ɗaure ƙashin da waya a jikin ƙarfen, a miƙe ƙafafu a ɗaure su. Na gama na ɗora a kan gwafa ina jin kaina. Kawu ya zo ya sa ɗan ƙaramin yatsansa a mariƙin ƙarfen ya tura kaɗan. Rago ya yi rabin juyi, sai ya rikito da kansa ciki ƙasa. Ya ce, "Kwance." Ragon da nauyinsa ya karkata gefe guda haka zai yi ta faɗuwa, gefe ɗaya ya ƙone, ɗaya bai ji wuta ba, kai kuma kafaɗarka ta mutu kafin azahar. Na kwance na ɗaure, na kwance na ɗaure, masunci na tsaye a kanmu yana cewa baƙi sun kusa. Kawu ko kallonsa bai yi ba, ya ce, "Baƙinka ba su mutuwa da yunwa kahin la'asar." Sai da ragon ya tsaya duk inda yatsa ya bar shi sannan aka kawo garwashi.

Kayan aikinmu ba yawa. Ƙarfen juyi da maƙeri ya lanƙwasa wa mariƙi, gwafa biyu masu matakai don a ɗaga nama ko a sauke shi, kasko, shebur, da 'yar tsintsiyar kaba ta shafa mai. Sai murhun laka, wanda shi ne abin alfaharin Kawu. Wata maginiyar tukwane ce ta koya mana ginin: lakar fadama a cuɗa da ƙaiƙayin shinkafa, a tayar da bango mai lanƙwasa kamar rabin randa. Bangon yana tare iska, ya shanye zafi, ya riƙa maido wa nama da shi a hankali. Yanzu ina ganin irinsa na kanti a gidajen masu hali, mai sheƙi da murfi, a nuna mini ana alfahari. Nakan shafa in yaba, don abu ne mai kyau, amma a raina na san randa ce aka sa wa riga.

Shi kansa juyin ba gudu ake yi ba. In ka yi sauri mai ya watse, in ka yi nawa ya taru gefe guda ya zube. Ana so mai ya riƙa bin jikin naman yana zagayawa, ya jiƙa kansa da kansa. Kunnenka kuma yana kan kasko. In ɗigar ta yi yawa, wuta ta matso, ɗaga ƙarfe. In ta yi shiru, nama ya fara bushewa, ɗauko tsintsiya. Wannan babu maɓallinsa.

Da hannuna ya faɗa sai na koma Birnin Kebbi, lokacin Sakkwato ce babban birnin jiharmu, nan kuma ma'aikata sun fara yawa. Su ne masu kira: ƙarin girma, walimar dawowa daga Makka, baƙi daga Sakkwato. Na ga masu gida iri-iri. Akwai mai zuwa da wuƙarsa tun nama bai yi ja ba, wai ɗanɗanawa zai yi, ya huda maka cinya ruwa ya tsiyaye. Akwai mai cewa a ƙara wuta don motar baƙi ta iso. Akwai kuma wanda zai sa a kawo maka kujera da fura, ya zauna kuna hira har a sauke. Irin wannan, ko ƙaramin rago ya kawo, nasa ya fi daɗi.

Aikin da ya buɗe mini ido a Gwadangaji na yi shi, a harabar gidan wani injiniya mai aikin noman rani. Ya dawo daga karatu da wata na'urar gashi ta gas, mai ƙarfen juyi da ɗan inji a gefe da murfi mai lanƙwasa. Na je ina hura hanci, ina cewa wuta marar itace ai wutar wasa ce. Mutumin kirki, ya tsuguna ya nuna mini yadda ake shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, in ya yi kumfa to gas na fita, kada a kyasta ashana. Muka soke ɗan matashin rago, inji ya kama juyi, ni kuwa na rasa inda zan sa hannuwana. Ana cikin haka aka ɗauke wutar lantarki, muka cire injin na kama mariƙi, muna ta dariya. Gaskiya gas yana da biyayya, ka ce ya ragu ya ragu. Ƙamshin kirya ne kawai ba shi da shi.

Abu biyu na ɗauko a gidan nan. Na farko murfi: in aka rufe, zafi yana kewaye nama, ba ya bushewa. Na biyu daga matarsa. Ta aiko da shinkafa da aka yi wa rabin dahuwa, da albasa da kayan yaji, ta ce a zuba a cikin ragon a ɗinke. Ta ce kada in cika, in bar mata wuri don za ta kumbura. Da na je Argungu na ba Kawu labari, sai ya tofar da goro ya ce, "Na gani can Dosso. Aikin kuku na, ba na Barunde ba. Rago ba tukunya ba na." Ni dai ban manta da dabarar ba.

Sai shekarar fari ta zo. Ba sai na ce wace ba, duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san ta. Gulbi ya janye, fadama ta tsattsage, Fulani suka yi kudu da abin da ya rage musu. Dabbar da ake kawowa kara, kasuwar dabbobi, ƙashi ce da fata. Ka feɗe rago ka nemi tantanin kitsen nan da ke lulluɓe tumbi, wanda muke shimfiɗawa a bayansa lokacin gashi, ka tarar ba komai. Masu kira suka ɗauke ƙafa, wa zai yi walima ana neman na tuwo? Na jingine ƙarfen juyi a zaure, na koma ɗan tsire a tasha.

A cikin wannan hali Nomau ya same ni. Manomin shinkafa ne a Gulma, abokina tun ƙuruciya, shi ke samo mini kirya. Matarsa Ige ta tafi gidan iyayenta a Augie haihuwar fari kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, an sami namiji. Ya zo mini da rago a igiya. Na dubi ragon, ragon ya dube ni. Daga nesa ana ganin haƙarƙarinsa.

Na ce, "Nomau, wanga na ragon sunan?"

Ya ce, "Shi na. Na kewaye kara kab, shi ɗai ad da sauran rai."

Na so in yi masa tsiya, sai na ga fuskarsa ba ta wasa ba ce. Ya zauna ya faɗa mini. Surukinsa ya aiko cewa tunda an ce Gulma ba a girbe komai ba, a bar Ige da jariri a Augie, ba arba'in kawai ba, har sai an ga kakar baɗi. Alhali Nomau yana da abinci. Wata 'yar gonarsa ta cikin ƙwari ta riƙe ruwa, ya girbe abin da zai kai su damina in an yi tattali.

Ya ce, "Amma ƙaƙa za ni tsayawa gaban surukina in ce ina da abinci? Baki bai iya hwaɗin haka. Kuma ka san Gwaggo Kulu na nan. In tag ga ragon ga, magana ta ƙare. Shekara guda ɗakina ba kowa."

Gwaggo Kulu yayar surukin ce, kuma ba ya tsallake maganarta. Ku da ba ku sani ba, ragon suna ba nama ba ne kawai. In an gasa, dattijan mata dangin mai jego sukan fito su duba shi, su mammatsa, su yi ta zolaya wai angon ƙarni marowaci ne. A shekarar lafiya wasa ne, a yi dariya a watse. A wannan shekara kuwa da ragon za su auna gidan Nomau. Ni kuma na san abin da wuta ke yi wa ramammen rago. Zai tsotse ya manne a ƙashi, ya koma kamar kilishin da aka shanya a kan kwando.

Na dubi ƙarfena a jingine. Can na ce, "Shinkahwa kac ce kana da ita?" Ya ce akwai. Na ce to mu je Gulma in gani. Na leƙa rumbun da idona, jar shinkafa ce ta gida, sabuwa. Na sa ya sussuka kaɗan, ya nemo albasa da ɗan man shanu.

Na riga ranar suna zuwa Augie don in gina murhu ya samu bushewa. A wani kango gefen gidan surukan na tayar da bangon laka. Murfi kuma wani maƙeri ya tsaga mini duro gida biyu, na ƙone cikinsa tas na wanke. Kawu Labbo a lokacin ya tsufa, idonsa ya fara hazo, amma da ya ji abin da nake shiryawa ya ce sai ya bi ni. Ya hau a-kori-kura yana cewa, "In je in gane ma idona yadda za ka kunyata Rundawa."

Ranar suna da safe aka raɗa wa yaro suna, aka yanka. Na feɗe, na ware wa ungozoma kai da ƙafafu da fata, kayan ciki aka shiga da su wurin mata. Wata maƙwabciya ta yi mini rabin dahuwar shinkafar. Na cuɗa ta da albasa da citta da masoro da gishiri da man shanu, na zuba, na bar mata wuri, na ɗinke cikin da basilla da jiƙaƙƙen zaren auduga. Da na ɗora a gwafa sai matsala ta fito. Duk nauyi ya koma ciki, rago sai faɗuwa yake. Na kwance na gyara, bai tsaya ba. Rana na ɗagawa, gumi ya fara keto mini.

Kawu yana zaune a kan turmi ya juya mana baya, wai ba ruwansa. Sai na ji takunsa. Ya laluba ya kama mariƙi, ya sa ɗan ƙaramin yatsan nan ya tura, ya saurara. Ya ce, "Ƙarhen ya yi kusa ga baya. Sassauta waya ta tsakiya, sa ɗan itace tsakani, ka ja cinyoyi sama." Na yi yadda ya ce. Ragon ya tsaya cak inda yatsa ya bar shi. Kawu ya koma kan turminsa, wannan karon yana fuskantarmu.

Wuta kaɗan na ba shi, daga nesa, na kife rabin duro a kai na bar inda mariƙi zai juya. Kasko ba kitsen da zai tara, sai na zuba masa ruwan albasa da sauran man shanu, ina buɗewa ina shafawa ina rufewa. Tsorona ɗaya, kada shinkafa ta kumbura ta fasa ɗinki, komai ya zube a toka. Wajen azahar na ji wani tsiii daga wajen wuya, na zaci ɗinki ne ya fashe. Kawu ya ce, "Tururi na, bar shi shi hita. Tahi ka yi salla, kawo nan." Ya karɓi mariƙi, hannun nan mai tabo ya kama juyi kamar bai taɓa ajiyewa ba. Nomau kuwa, da yake uban ɗan fari ne, kunya ba ta bar shi ya matso gidan ba. Yana can gindin wata tsamiya da abokansa, duk sanda na ɗaga kai sai in ga hayaƙinmu yake kallo.

Bayan la'asar na ɗage murfi. Ragon ya yi ja, yana sheƙi, cikinsa ya cika fam. Muka zare ƙarfe muka ɗora shi a babban tire, muka kai zaure. Dattijan mata suka fito, Gwaggo Kulu a gaba, doguwar tsohuwa mai jan haƙori. Ta zagaya tiren a hankali. Ta kai hannu gindin wutsiya, inda masu sani ke neman kitse, ta matsa.

Ta ce, "Wa yag gasa?"

Na ce, "Ni na, Gwaggo."

"Ɗan Rundawa, ni za ka yi ma wayo? Na ga ragon ga da sahe kahin a yanka. Iska na ɗaukatai."

Mata suka kwashe da dariya. Na ce a raina shi ke nan, na ƙara wa Nomau abin kunya. Sai idonta ya kai kan ɗinkin.

"Mi kaɗ ɗinke ciki?"

Na miƙa mata wuƙa da hannu biyu, na ce, "Yanke ki gani, Gwaggo."

Ta tsinke zaren. Tururi ya taso ya cika zaure, jar shinkafa ta gangaro kan tire, ta shanye duk ruwan naman. Dariya ta tsaya. Ta ɗebi kaɗan, ta hura, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Wagga ba ta kasuwa ba ta. Ta bana ta."

"Ta hwadamar Gulma ta, Gwaggo. Gonatai."

"Akwai saura, ko rumbu anka share don a ruhe muna ido?"

Na ce, "Na leƙa rumbun da kaina. In ana tattali tana kai su damina."

Ta kama kafaɗar ragon da yatsu biyu ta ja, nama ya biyo ta ba gardama. Ta ci, ta suɗe yatsa. Sannan ta leƙa ƙofar gida inda ƙaninta ke zaune da baƙi, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Kai, Dikko! Rago dai ramamme na, kowa ya gani. Bana wa ab ba ramamme ba? Amma ɗiyakka ba ta kwana da yunwa Gulma. In ta yi arba'in, ni za ni kai ta da kaina."

Na wanke hannu na nufi tsamiya. Nomau ya miƙe tun kafin in iso. Na ce, "Tahi ka yaɓe ɗaki, baƙi na tahe." Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da yatsan ƙafa, abokansa na zungurinsa. Sannan ya ce, "Naman dai ya nuna ko?" Na ce ya nuna. Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar na ranar nan ba.

Da na koma kango na tarar an kawo wa Kawu nasa a kwano. Ya ture naman gefe yana cin shinkafar. Ya ji motsina, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Sai ya miƙo mini kwanon a ƙaro.

Ruwa ya dawo, dabbobi suka yi ƙiba, masu kira suka dawo, na ci gaba da juyi har kafaɗa ta ce ta gaji. Da sana'ar nan na yi gida, na aurar da 'ya'ya, alhamdu lillahi. Yanzu nakan zauna ne a kan kujera in sa yatsa a mariƙi, wasu su yi juyin. Jaririn Augie kuwa ya zama magidanci a Gulma. Duk sanda aka yi masa haihuwa, ni yake aiko wa mota. Ragunansa manya ne, kasko har ya cika ya tumbatsa. Kullum sai na ce masa irin wannan rago ba ya bukatar shinkafa a ciki, ɓata lokaci ne. Kullum sai ya sosa ƙeya ya ce, "Babana yac ce a ɗinke." Sai in ce a miƙo mini basilla.